NA'URAR ƘARA WA MOTA ƘARFI: A Duba Kafin A Aika Da Dala Amurka

Tun daga ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, hirar masu motoci ta sake. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 a nan Ikko ta tashi zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa sai da ta taɓa Naira 1,000. Saboda haka duk inda 'yan'uwanmu suka zauna, ko a Agege, ko Idi-Araba, ko Mil Sha-biyu, ko unguwar Sabo ta Badun, da wuya a tashi ba a yi zancen dabarar rage shan mai ba.

A cikin dabarun da ake yayatawa har da wata 'yar na'ura da ake kawowa daga Amurka, wadda girmanta bai wuce na wayar hannu ba. Turawa suna kiranta furogirama, waɗansu su ce tiyuna. An ce wai da ka jona ta a mota ka danna, sai motar ta ƙara ƙarfi, ta kuma rage shan mai. Masu jif da masu a-kori-kura su ne suka fi tambaya a kanta. To, na'urar gaskiya ce, tana kuwa aiki. Amma aikin da take yi ba shi ne wanda yawancin mutane suke zato ba.

Tsofaffin direbobi za su tuna zamanin Fijo 404 da 504. In kana son mota ta ƙara kuzari sai ka kai ta wurin bakanike, ya murɗa distiribito ya saita taimin, ya taɓa kafireta. In babbar mota ce irin 911 sai a tada famfon man gas. Motocin yanzu ba su da abin murɗawa. Duk wannan aiki ya koma hannun wani ɗan akwatin kwamfuta, watau ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikan Ladipo suke kira biren-bokis. Ita ce ke yanke yawan man da za a fesa wa inji, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, da yawan iskar da tabo zai tura in motar mai tabo ce, har da lokacin da giya za ta canza in motar otomatik ce. Tun daga motocin shekarar 1996, dokar Amurka ta tilasta a sa wa kowace ƙaramar mota wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiransa OBD2. Ta nan bakanike ke jona kwamfutarsa ya karanta ciwon mota. Ta nan kuma furogirama ke shiga. Sai ta kwafe lissafin da kamfani ya rubuta a ƙwaƙwalwar, ta ajiye a cikinta, sa'an nan ta rubuta nata a madadinsa.

Mai karatu ya lura, ba ta ƙara wa inji ko ƙusa ɗaya ba. Fistin ɗin nan dai shi ne, lagireto shi ne, giyabos shi ne. To daga ina ƙarfin ya fito? Kamfanin da ya ƙera mota ba ya barin inji ya yi aiki iyakar ƙarfinsa. Yakan bar rara, domin bai san hannun da motar za ta faɗa ba: wani zai sha mai marar kyau, wani zai yi lodi fiye da kima, wani zai shekara bai yi juyen baƙin mai ba, wani kuwa a ƙasa mai zafi zai tuƙa ta. Wannan rarar ita ce na'urar take ɗebowa ta miƙa maka. Ba'amurken da motarsa sabuwa ce, mansa mai kyau, hanyarsa sumul, yana iya cin rararsa ya kwana lafiya. Mu kuwa duk abubuwan nan da kamfani ya ji tsoro, a kanmu suka taru, ga shi kuma motar ta riga ta yi shekara goma ko fiye a hannun wani kafin a sauke ta a Tin Can ko Kwatano.

LAMBA 91

Wani abokina mai fataucin goro tsakanin Shagamu da Kano yana da jif ɗin Amurka mai silinda takwas, tokumbo. Ɗan wansa da ke karatu can ya aiko masa da irin na'urar nan tsaraba, mai kyau ce kuwa, ta kamfani sananne. Da suka jona sai ta tambaye su irin fetur ɗin da motar ke sha, ta jera lambobi uku: 87, da 91, da 93. Wani yaro mai ɗan ilmin boko da ke wurin ya ce ai fetur ɗin Nijeriya 91 ne, ya taɓa gani a jarida. Aka danna 91.

A cikin gari motar ta yi ta tashi kamar barewa, abokina har yana yi mana kuri. Ana saura kwana uku Babbar Salla ya ɗebi iyali da kaya ya kama hanyar gida. Bayan sun wuce Ilori, da rana tsaka, duk sanda ya taka totur a hawa sai ya ji wata ƙara ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ya ɗauka salansa ce ta saki. Bai kai Mokwa ba sai da fistin ɗaya ya tsage. A can aka yi Salla, a garejin wani bakanike, iyali kuwa aka sa su a motar haya.

Yaron nan bai yi ƙarya ba, na'urar ma ba ta yi ba. Ma'auni ne ya bambanta. Lambar fetur, wadda ake kira oktan, tana nuna yadda man ke jure matsi da zafi ba tare da ya kama wuta da kansa ba. Mu nan, da Turai, da yawancin duniya, da ma'aunin RON muke aiki, fetur ɗin gidajen manmu kuwa iri ɗaya ne tak, lambarsa 91 ko kusa da haka. Amurka ba haka take rubutawa ba. Tana haɗa ma'auni biyu ta raba biyu, sai lambarta ta sauko da kamar huɗu ko biyar. Watau 87 ɗinsu, mafi arahar fetur a can, shi ne 91 ɗinmu. Shi kuwa 91 ɗinsu ya kai 95 ko 96 a namu ma'aunin, 93 kuma wajen 98. Abokina ya gaya wa motarsa cewa zai riƙa ba ta man da ba a sayarwa ko a gidan mai ɗaya a kan hanyar Jebba.

Abin da ke faruwa a cikin inji shi ne wannan. In ka zaɓi babbar lamba, na'urar takan sa fulogi ya ba da wuta da wuri, daidai da murɗa distiribito gaba a zamanin da. Man da ya kai lambar zai ƙone a tsanake ya tura fistin. Wanda bai kai ba sai ragowarsa ya fashe da kansa gaba ɗaya, ya bugi kan fistin kamar guduma. Ƙarar da abokina ya ji ke nan. Motocin zamani suna da wani ɗan kunne a jikin inji mai sauraron wannan ƙara, in ya ji sai ƙwaƙwalwa ta ja wutar baya. Amma jan nan yana da iyaka, kuma sai bugu ya auku kafin a ji shi. Zafin rana, da lodi, da hawa, duk suna ƙara abin. Ikko ma ta fi Jos haɗari a nan, don a bakin teku iska ta fi kauri, matsin cikin silinda ya fi yawa, alhali Jos tana bisa tudu mai tsawon mita 1,200 da wani abu.

Kada kuma a manta 91 ɗin nan namu a takarda yake. Wanda ya sayi mai a galan a bakin hanya shi ya san abin da ya saya. Ko a gidajen mai, jama'a ba su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, ya lalata motoci, aka yi makonni ana layi a Ikko da Abuja. Saboda haka ni dai abin da zan ce, duk na'urar da ba ta da saitin 87, kada ta shiga motarka. In tana da shi, kada yatsanka ya wuce shi.

TA SAN MOTARKA?

Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a na Amurka ne: Superchips, Hypertech, DiabloSport, SCT, Bully Dog, Edge. Kasuwarsu kuwa motocin gida ce, irin su Ford F-150 da Explorer da Expedition, da Chevrolet Silverado da Tahoe, da GMC, da Ram, da Jeep. Toyota da Nissan kaɗan ne suka samu shiga, su ma sai waɗanda ake sayarwa a Amurka, kamar Tundra da Sequoia da Titan. Hilux, wadda ta cika hanyoyinmu, ba a sayar da ita a Amurka. Prado da Land Cruiser da aka kawo daga Dubai lissafin ƙwaƙwalwarsu dabam ne da na 'yan'uwansu na Amurka, ko da soket ɗin ya shiga daidai. Shigar soket ba ita ce shaida ba. Kowace na'ura tana da jerin motocin da ta sani, da shekara, da girman inji. A ɗauki lambar shasin mota, mai haruffa da lambobi 17, a aika wa mai sayarwa ya tabbatar tukuna. Sababbin motoci ma kamfanoni sun fara kulle ƙwaƙwalwarsu. Ram da Jeep da Dodge tun daga na 2015 sai an buɗe akwatin ko an sake wani kafin na'ura ta iya rubutu a ciki, wannan kuwa wani kuɗin ne dabam.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu son araha. Da zarar an saita mota da furogirama, sai ta ɗaure kanta da lambar shasin wannan mota, ba ta yi wa wata aiki har sai an mayar da ta farkon yadda take. In ka sayi ta hannu, alhali mai ita ya sayar da motarsa a Texas bai kwance ta ba, to ka sayi abin danne takarda. Sai kamfanin ne zai buɗe ta, da kuɗi, in ma ya yarda. Kafin ka biya, a kunna ta a gabanka ta nuna a kwance take.

Su kuwa 'yan ƙananan robobin nan masu launin rawaya ko kore ko ja da ake tallarsu da sunan Nitro OBD2 ko Eco OBD2, waɗanda kuɗinsu bai kai na cika tanki ba, ba sa cikin lissafi. A shekarar 2017 masu bincike na wani kamfanin Faransa mai suna Quarkslab suka fasa Nitro ɗin suka bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, suka tarar ba ya aika wa ƙwaƙwalwar mota komai. Fitilu ne kawai ke ƙyaftawa.

Sai maganar irin inji, don ba kowane ne ke da rarar kirki ba. Injin fetur marar tabo, iyakar iskar da ya zuƙa da kansa ita ce iyakarsa. A saitin 87 abin da zai ƙaru kaɗan ne, sau da yawa direba ba zai ma ji shi ba, sai dai ya ji totur ya ƙara saurin amsawa, giya kuma ta daina jan jiki. Hilux mai injin fetur 2.7, mai ƙarfin doki wajen 160, a wannan aji take, ko an sami na'urar da ta san ta ba abin da za a tatsa. Inda ake ganin bambanci sosai shi ne inji mai tabo, kamar EcoBoost 3.5 da Ford ya fara sa wa F-150 a 2011, da kuma injunan man gas. A nan na'ura na iya ƙara iska da mai tare, ƙarfi ya tashi ƙwarai. A nan ne kuma ɓarna ta fi saurin zuwa.

Injin gas ba ya ƙarar gargaɗi irin ta fetur. Abin da ke kashe shi zafin hayaƙi ne. In aka ƙara mai, ga lodi, ga doguwar hawa, zafin da ke fita daga silinda sai ya yi ta tashi, allurar zafin ruwa kuwa tana zaune lafiya ba ta nuna komai ba, har fistin ya fara narkewa ko tabo ya ƙone. Masu wannan sana'a a Amurka sukan ce kada a bar shi ya daɗe sama da digiri 1,250 a ma'auninsu, watau wajen 680 a namu. Don haka mai motar gas ya nemi na'ura mai allo wadda ke zama a kan dashbod tana nuna zafin hayaƙi da na man giya, irin su Edge Evolution ko Bully Dog GT, in motar ba ta da abin auna zafin hayaƙin a sa mata. Yawancinsu suna da saiti hawa-hawa: na tattalin mai, na jan kaya, na gudu, wani lokaci har da na tsere. Mai ɗaukar buhunan albasa ko jan tirelar kaya, nasa shi ne na jan kaya. Na tsere an yi shi ne domin mota marar kaya a fili na 'yan daƙiƙoƙi. Giyabos ɗin otomatik da kuloci su ma an yi su ne daidai ƙarfin asali, kuma su suka fi saurin kai ƙara. Masu Hilux da Prado na gas, tun da na Amurka ba su san su ba, sukan koma ga wani ɗan akwati da ake jonawa a wayoyin inji, kamar Unichip na Afirka ta Kudu ko RaceChip na Jamus. Hanyar ta bambanta, amma rarar nan dai ita ake ci.

Waɗansu suna sayen na'urar ne da niyyar kashe matatar hayaƙi. Motocin gas na Amurka tun daga 2007 suna da wannan matata, an yi ta ne domin gas mai tsabta ƙwarai, namu kuwa ya daɗe yana toshe ta. To a sani, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ci kamfanin Edge tarar dala 500,000 a 2013, a 2018 kuma kamfanin da ya mallaki SCT da Bully Dog ya biya dala 300,000, duk a kan na'urorin da ke taɓa kayan tace hayaƙi. Daga nan manyan kamfanonin suka cire wannan aiki daga abin da suke sayarwa a kanti. Wanda ya saya domin haka zai yi asarar kuɗinsa.

Direbobin tirela da tanka na Apapa da Ogere, wannan kaya ba naku ba ne. Manyan motoci wutarsu da soket ɗinsu da kwamfutar da ke karanta su duk dabam ne, tsofaffin ma ba su da ƙwaƙwalwar sam. Kuma tun ran 1 ga Fabrairu 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta fara kama motocin haya da ba su da na'urar taƙaita gudu. A babbar hanya doka ta ba tirela da tanka kilomita 60 a awa, bas da tasi 90, motar gida 100. Furogirama tana iya cire takunkumin gudu da kamfani ya sa wa jif, amma takunkumin nan an sa shi ne daidai abin da taya za ta iya jurewa, tayoyin da yawancinmu ke hawa kuwa na hannu ne.

LISSAFIN MAI

Mu koma kan abin da ya kawo zancen. Mai kyau a cikin na'urorin nan kuɗinta yakan kama daga dala 300 zuwa 600. A ƙaddara ka sayi ta dala 400, a canjin Naira 1,500 kamar yadda aka yi ta yi a 2025, Naira 600,000 ke nan, ban da kuɗin kawowa. A ƙaddara kuma jif ɗinka tana shan lita 15 a kilomita 100, kana yin kilomita 20,000 a shekara, lita 3,000 ke nan. In Allah ya taimake ka ta rage maka kashi 5 cikin 100, ka tsira da lita 150. A Naira 900 kowace lita, Naira 135,000 a shekara. Sai ka shekara huɗu da 'yan watanni kafin ka mai da kuɗinka. Wannan ma in ƙafarka ta yi haƙuri ne, alhali kuwa mutum in ya ji mota ta ƙara kuzari sai ya ƙara taka ta. A gosulon Oshodi ko gadar Third Mainland kuwa, inda mota ke tsaye esi na aiki, babu lissafin da zai hana silinda takwas shan abinsu. Kada kuma a yarda da lambar da dashbod ke nunawa, musamman in akwatin jonawa aka sa, don aikinsa shi ne ya ruɗi ƙwaƙwalwa game da yawan man da ke shiga. A cika tanki, a rubuta maleji, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba.

Ba wai na ce na'urar ba ta da amfani ba. Akwai wani aiki da take yi wanda ba a cika faɗa ba, ni kuwa a ganina ya fi ƙarin ƙarfin daraja. Mutanenmu suna son sa wa jif manyan tayoyi saboda ramuka. In taya ta fi ta asali girma da kashi 5 cikin 100, maleji zai nuna 100 alhali kana kan 105, giyar otomatik kuma ta riƙa canzawa ba a kan lokaci ba. Furogirama tana gyara wannan cikin minti kaɗan. Tana kuma karanta dalilin da ya sa fitilar inji ta kama, ta ba ka lambar ciwon, yadda in ka je gareji a garin da ba ka san kowa ba, ba za a sayar maka da abin da lafiyarsa ƙalau ba.

Wanda ya auna duk wannan ya ga har yanzu yana so, to ya fara da gyaran motar: fulogi, da matatar iska, da matatar mai, da wanke lagireto, da juyen man giya. Injin da ke da ciwo, na'ura tona shi za ta yi. Sa'an nan a sabunta na'urar ta intanet kafin a kusanci mota da ita. Ranar da za a saita, batir ya zama cike, a kashe esi da rediyo da fitilu, a cire cajar waya, kada kowa ya buɗe ƙofa ko ya taɓa makulli sai na'urar ta ce a taɓa. Aikin yakan ɗauki minti goma zuwa ashirin. In waya ta zare ko batir ya mutu ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar na iya tsayawa ba tsohon lissafi ba sabo, motar ta ƙi tashi, sai an ja ta.

Bayan an gama, a ajiye na'urar a cikin motar, kada a ba da aronta, don lissafin asalin motarka a cikinta yake. Duk ranar da za a kai mota wurin mai kwamfuta, ko za a sayar da ita, a fara mayar da ita yadda kamfani ya yi ta. Mai sabuwar mota da ke da garanti kuwa ya sani dila yana iya gane an taɓa ƙwaƙwalwar ko da an mayar, ya ƙi ɗaukar gyaran inji.

Abokina mai goro ya sake inji a Ladipo bayan Salla. Na'urar tana nan a aljihun motar, ya mayar da lissafin kamfani, yanzu karanta fitilar inji kawai yake yi da ita, makwabtansa na Sabo ma sukan kawo tasu ya duba musu.